Lambobi Shida a Ɗakin Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san gidajen Hausawan Garwa ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko kallona ba ta yi sai a fakaice. In tana so in ci abinci, ƙanwata za ta ce wa, "Ki gaya wa yayanki tuwo na hucewa," alhali ga ni a zaune gabanta. Kakanninmu sun zo da kunyarsu daga Najeriya, suka tarar da ta Fulani, aka haɗa duka biyun aka ɗora wa Inna. Mutane suna yaba mata a kan haka. Ni kuwa tun ina ƙarami abin yake cina a rai, sai dai babu wanda zan kai wa ƙara.

Aikina rubuta manhajar waya ne. Ina zaune a Ngawundere, a wani ɗaki bayan tashar jirgin ƙasa, inda manyan motoci ke kwana kafin su yi arewa. Mutanen da nake yi wa aiki ban taɓa ganin fuskarsu ba, saƙo ne kawai ke shiga tsakaninmu. A gida kuwa an yanke hukunci tuntuni cewa gyaran waya nake yi. Duk zuwan da zan yi Garwa sai wata gwaggo ta aiko min da waya mai fasasshen gilashi, in na ce ba aikina ba ne a ce boko ya sa min girman kai. Na gaji da bayani, yanzu karɓa nake yi in kai kasuwa a gyara, in dawo a sa min albarka.

Da ciwon suga ya taɓa wa Inna ido, rubutu ya ɓace mata gaba ɗaya, launi kawai take iya bambancewa. Ƙanena da ke ƙasar waje ya aiko mata da waya, irin mai tsadar nan da kamfaninta ba ya yarda a saka mata komai sai da izininsa. Wayar ta zama kayan ado, don ko kira Inna ba ta iya yi da ita sai ta nemi mai latsa mata. Sai na zauna na rubuta mata manhajarta ita kaɗai. Manyan akwatuna ne masu launi, kowane akwati da mutuminsa. In ta taɓa sau ɗaya, murya ta gaya mata ko na wane ne, in ta sake taɓawa, kira ya tafi. Muryata ba za ta yiwu ba, kowa ya san dalili, don haka Baba ne ya ɗauki muryoyin. Shi kuwa ba ya faɗar abu a miƙe. Akwatin ƙanwata da ke aure a Yagwa, in aka taɓa, sai ka ji, "Wannan rediyon Yagwa ce, ki tabbata kina da caji."

Manhajar mutum ɗaya ba a kai ta babban shagon kamfani, ta wata ƙaramar ƙofa ake bi, wadda aka tanada don gwaji. Ƙofar nan tana son abu uku. Na farko suna: kowace manhaja tana da sunanta na ɓoye, dogo mai ɗige-ɗige, wanda babu wata a duniya da ke da irinsa. Na biyu hatimi, sartifika muke cewa, shi ke shaida wanda ya yi ta. Na uku takardar izini, wadda ke haɗa sunan nan da hatimin da lambar jikin wayar da aka yarda manhajar ta zauna a ciki. Takardar nan shekara ɗaya take yi. In ta ƙare ba a sabunta ba, manhajar tana nan a wayar, amma ba za ta ƙara buɗewa ba.

Baba falken shanu ne, ya yi shekaru yana loda su a jirgin ƙasa daga Ngawundere zuwa kudu. Da na yi masa wannan bayanin sai ya kwashe da dariya ya ce, "Ashe kai ma kiwo kake yi! Tambari a cinya, hatimin likitan dabbobi, takardar wucewa. To me ya kai ka makaranta?" Shi kaɗai ne a duk danginmu ya taɓa tsayawa ya ji abin da nake yi har ƙarshe.

A lokacin katin shaidata ya ƙare, wata takardar jira nake yawo da ita, resefise, wadda ta sha ninki har rubutunta ya fara gogewa. Kamfanin ba ya karɓar irinta. Sai muka buɗe asusun da sunan Baba, da katinsa, da lambar wayarsa. Sunan manhajar da hatiminta duk suka zama nasa. Duk lokacin da zan shiga asusun, kamfanin sai ya aika lambobi shida zuwa wayar Baba, in ban rubuta su ba ba zan wuce ba. Haka muka riƙa yi kowace shekara. In zo Garwa, in haɗa wayar Inna da kwamfutata a zaure, Baba ya sa tabarau ya riƙe ƙaramar wayarsa nesa da fuska, ya karanto min lambobin ɗaya bayan ɗaya, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Wani lokaci da gangan zai tsaya a tsakiya ya ce sai na gaya masa yaushe zan yi aure. Inna tana can ciki, sai an gama ƙanwata ko wata 'yar uwa ta mayar mata da wayar.

Na bar wani maɓallin ɗaukar murya a ciki don Baba ya riƙa ƙara sababbin mutane ba sai na zo ba. Ya kuma kafa min sharaɗi, kada wayar ta riƙa aika komai waje tana cinye masa mega, wato data. Na toshe duk wata hanya kamar yadda ya ce. Abin da aka ɗauka a cikin manhajar, a cikinta kawai yake zama.

Baba ya rasu da bazara, bayan gajeriyar jinya. Ana dawowa daga maƙabarta Baffa, ƙaninsa, ya tattara agogonsa da tabaransa da wayarsa da takardunsa, ya zuba a akwati, ya kulle ɗakin Baba, ya jefa makullin a aljihu. Haka ake yi a danginmu. Kayan mamaci ko allura ba a taɓawa sai ranar rabon gado, rabon kuma ba zai yiwu ba sai ƙanena ya samu zuwa daga ƙasar waje. Babu wanda ya ga aibin haka, har ni. Inna ta shiga takaba.

Ƙanwata ce ta fara lura. Ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, kullum bayan la'asar Inna tana kwanciya ta juya wa ƙofa baya, ta manna wayar nan a kunne. Ba kira take yi ba. Muryar Baba nake jiyowa ƙasa-ƙasa, kuma ba sunaye yake faɗa ba, magana ce doguwa." Ashe tsohon nan ya daɗe yana amfani da maɓallin nan ta wata hanyar. In zai yi tafiya, ko in ya zauna shi kaɗai, sai ya ɗauki wayar Inna ya yi wa matarsa magana ya ajiye mata a wani akwati can ƙasa a manhajar. Mutumin da a gabanmu ko "sannu" ba ya ce mata sai ya haɗa da zolaya!

Nan take na tuna ranar da takardar izinin za ta ƙare, kuma a tsakiyar takaba take.

Na ce wa ƙanwata ta gaya wa Inna. Ta shiga, ta jima, ta fito da amsa biyu. Ta farko, in yi duk abin da ya kamata. Ta biyu, kada in kuskura kowa ya san abin da ke cikin wayar, musamman Baffa. Na fahimce ta. Mace mai takaba, mai jikoki, a ce ƙanin mijinta ya ji tana kwana da muryar mijin a kunne? Gara mata komai da wannan.

Na samu Baffa a rumfarsa ta atamfa a babbar kasuwa, yana ciniki da wata mata da Fillanci. Na jira ta tafi, na durƙusa na gaishe shi, na ce ina son a kunna wayar Baba na ɗan lokaci, wasu lambobi za su shigo, in kwafa, a kashe a mayar.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Lambobin me, ɗana?"

Na yi masa bayanin suna da hatimi da takardar izini, a hankali, yadda na yi wa Baba. Tun ban kai rabi ba na ga idonsa ya koma kan masu wucewa.

Ya ce, "Asusu ka ce?"

Na ce, "Asusu ne, Baffa, amma ba na kuɗi ba."

"Akwai asusun da ba na kuɗi ba?"

Na ce to shi ya riƙe wayar da hannunsa, ko taɓawa ba zan yi ba, ya karanto min kawai. Wallahi da na sani ban faɗi haka ba. Ya gyara zama ya ba ni labarin wani mahauci maƙwabcinsa da aka kira aka ce ya karanto lambobin da suka shigo masa, kafin ya ajiye wayar an share duk abin da ke cikinta. "Kai ba ɓarawo ba ne, na sani," in ji shi. "Amma gobe ƙaninka ya zo ya ce wayar ubanmu an kunna ta bayan ransa, wasu lambobi sun fita, me zan ce masa? Me zan ce wa Allah? Amana ce a wuyana."

Na ce a kira ƙanin nawa ya ba da izini. Ya ce izini ta waya ba izini ba ne, sai a gaban shaidu. Na ce wayar Inna za ta daina aiki. Ya ce, "In don kira ne, a saya mata mai maɓalli, gida cike yake da masu latsa mata."

A nan ne raina ya ɓaci. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansa ba, na ce haba Baffa, lambobi shida fa, ba saniya na ce a ba ni ba! Na ce abin da ba ku sani ba ku riƙa tambaya mana. Masu rumfunan gefe suka leƙo. Maganar gaskiyar tana bakina, kalma biyu ce, in na faɗa na tabbata zai tashi a take ya ɗauko makullin, don Baffa ba mugu ba ne. Amma ba tawa ba ce da zan faɗa. Na haɗiye ta, na ba shi haƙuri, na fito ina huci kamar wanda aka kora.

Na bi sauran hanyoyin. A ofishin kamfanin layi suka ce sai mai layin ya zo da kansa da katinsa. Na rubuta wa kamfanin wayar, suka amsa da ladabi cewa suna taya ni jimami, in aiko da takardar kotu da ke nuna magada. Takardar kotun ba ta fitowa sai dangi sun zauna, dangi kuma ba za su zauna ba sai ƙanena ya zo. Katina ya riga ya fito a lokacin, ina iya buɗe asusu da sunana in yi sabon hatimi. Amma wayar ba za ta yarda hatimina ya hau kan manhajar da ke ɗauke da na Baba ba. Sai an goge tsohuwar tukuna, da duk abin da ke cikinta.

Hanya ɗaya ta rage, ta ƙauyanci. A kunna muryar a wayar Inna, a ajiye wata wayar kusa tana ɗauka. Na aika ƙanwata ta ce zan kunna tawa in ajiye mata in fita daga gidan ma gaba ɗaya, kuma na rantse ba zan saurara ba. Ƙanwata ta ce ko tata a yi da ita. Amsar da ta dawo gajeriya ce: "Maganar ubanku ba za ta kwana a wayar ɗa ba." Na zauna a zaure na riƙe kai. Baffa yana da gaskiyarsa, Inna tana da tata, ni kaɗai ne na san yadda biyun suka haɗu, kuma babu wanda zan iya gaya wa. Wanda zan gaya wa ya gane har ya yi min dariya, shi ne babu.

Na sa ƙanwata ta maimaita mata ranar, ta sake maimaitawa. Inna ta ce ta ji.

Ranar ƙarshe, da aka yi la'asar na ji Inna ta tura ƙyauren ɗakinta. Gidan namu ƙarami ne, sauti yana fita. Na sa takalmi na hau ɗan acaba zuwa gadar Binuwai. Ruwa ya ja baya sosai, masu wanki sun shanya kaya a kan rairayi, masu ɗibar yashi suna ta lodi. Na tsaya jikin ƙarfen gadar ina kallonsu har rana ta yi ja. Kowa da abokin maganarsa, har masu faɗa da juna sai da na yi musu hassada. Ban koma gida ba sai da aka kira magariba.

Washegari ƙanwata ta kawo min wayar a zaure. Na taɓa manhajar, ta yi kamar za ta buɗe, ta koma. Na sake, ta koma. Na ce ta gaya wa Inna abu ɗaya, da babbar murya: komai yana ciki, ƙofa ce kawai ta rufe. Kada ta bari kowa ya goge, kada a kai wa masu gyara a kasuwa su ce za su wanke wayar, kada a ba jika ya yi wasa da ita. Na saya mata ƙarama mai maɓalli kamar yadda Baffa ya ce, na koma Ngawundere.

Ƙanena bai samu zuwa ba sai bayan babbar Sallah. Aka zauna, malam ya yi rabo, Baffa ya buɗe akwati ya fito da komai yadda ya ajiye shi, har da ɗan goron da ya bushe a aljihun rigar Baba. Ya miƙo min wayar da hannu biyu a gaban kowa ya ce, "Ga amanarka, ɗana, yanzu ka ɗauki lambobinka." Na sa caji na kunna. Babu layi. Ya daɗe a kashe, kamfanin layi ya karɓe abinsa.

Na fita bayan gida na kira lambar Baba daga wayata, lambar da na haddace tun ina makaranta. Ta shiga. Wani mutum ya ɗauka, ƙarar injin niƙa a bayansa, ya yi sallama da Fillanci. Na gaishe shi, na ce lambar mahaifina ce a dā, ya rasu, wani saƙo zai shigo masa yanzu mai lambobi shida, don Allah ya karanto min. Ina faɗa ina jin yadda maganar take a kunne. Bai bari na ƙarasa ba. "Gujjo!" ya ce, wato ɓarawo, ya ƙara da zagin uwa da uba da Faransanci, ya ce ubana da ya mutu ya je ya karanto min. Na sake kira, ya toshe ni. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. Na mayar da wayar aljihu na koma cikin gida.

Takardar kotu ta fito daga baya, na aika wa kamfanin wayar, suka nemi a fassara, na fassara, suka nemi wata. Har yau muna kai, kuma ban fid da rai ba.

Ranar da zan koma bakin aiki bayan rabon, gidan ya watse. Ƙanwata ta koma Yagwa, ƙanena ya tafi, 'yar uwar da ke taya Inna zama ta je kasuwa. Na shiga yi mata sallama na tarar da ita ita kaɗai a gindin darbejiya, tsohuwar wayar a kan cinyarta, a naɗe cikin ɗankwali. Na durƙusa daga nesa na ce zan tafi. Na saba in faɗa, wani ya amsa a madadinta. Yau babu wani.

Ta juyar da fuska wajen katanga ta ce, "Yana ciki dai?"

Sai da na waiga, don ban yarda da ni take ba. Na ce, "Yana ciki, Inna."

Ta shafa ɗankwalin. Can ta ce, "Na ɗauka in sun ce rana kaza, za su ɗan ɗaga wa mutum ƙafa. Ko asibiti in ka makara ka roƙa ana duba ka."

Na ce waɗannan ba su da wanda ake roƙo.

Ta ce, "Akwai naka a ciki."

Ban gane ba, na ce nawa me?

"Ya yi maka naka. Na ƙarshe ne, daf da ya kwanta. Na ce sai na fita takaba, in hankali ya kwanta, in san yadda zan yi in ba ka."

Na ɗago kai. Da kyar na ce, "Me ya ce, Inna?"

Ta ce, "Ina zan sani? Ina jin ya kira sunanka na kashe. Ba tawa ba ce."

Ɗan acaban da na kira yana ta danna oda a ƙofar gida. Ta ce in tashi kada mota ta bar ni, ta sa min albarka, fuskarta har yanzu a katanga. Na ɗauki jakata na fita.